Tsakuwar ado, burji, fabe ko rairayin gulbi: me za a zuba a tsakar gida a Maradi?

Wanda ya taɓa gini a garin nan ya san ranar. An yi rufi, an kafa ƙofofi, mai fenti ya kwashe gwangwanayensa, aljihu ya yi sauƙi, sai maigida ya fito ya tsaya yana kallon tsakar gida: ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓin siminti, da rairayin da iska ke kwasa tana kaiwa har kan gado. Daga nan shawara take yawa. Magini ya ce a zuba siminti a huta. Aboki ya ce ai fabe ake yayi, wato ƙananan tubalan siminti da ake jerawa a ƙasa. Uwargida tana son inda za ta yi shara ta ga sharar ta fita. Saurayin gidan kuma ya miƙo waya, ga hoton wani lambu na Turai an malale shi da tsakuwa mai ruwan toka da ratsin fari, furanni sun tsiro a tsakaninta, ba laka ba ƙura.

Tsakuwar da ke cikin irin hotunan nan sau da yawa ƙanƙara ce, dutsen da mutanen dauri suke buga wa ƙyastu su fitar da wuta. A kudancin Ingila da arewacin Faransa tana nan birjik a cikin farin dutsen alli, har katangu da coci-coci suka gina da ita, shi ya sa ba ta yi musu tsada. Dangi ɗaya suke da farin dutsen nan mai ƙyalli da yara ke tsinta a gulbi. Taurinta ya kai ta karce gilashi, wuƙa ba ta yi mata tabo, ruwa ba ya cin ta, rana ba ta sa ta koɗe. In ta fashe kuwa, bakinta kamar reza. Kyau kam akwai shi, ban musa ba.

Sai dai su can takalmi suke sawa su ratsa lambun, su zauna a kan kujera su kalle shi. Mu nan tsakar gida ita ce ɗakin da ya fi kowane ɗaki aiki. Nan ake daka, nan ake wanki da wanke-wanke, nan yaro ke koyon rarrafe, nan ake ɗaure ragon layya, nan ake shimfiɗa tabarma ranar suna, kuma daga Afrilu har ruwa ya sauka nan ake kwana.

Shekarar da na tare a gidana na sa aka zuba fasasshen farin dutse a tsakar gidan kaf, daga bakin zaure har ƙofar madafa. Sati biyu ina jin daɗin kallonsa. Sai Inna ta zo mana kwana biyu. Bayan la'asar ta fito daga ɗaki da tabarmarta a hammata, ba takalmi, kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan dutsen, ta janye, ta tsaya a dokin ƙofa tana duba gabas da yamma.

"Ɗan nan, to ni ina zan zauna?"

Na ruga na ɗauko mata kujera. Ta ce, "Kujera ta baƙo ce."

Kafin daminar shekarar ta shigo na kwashe kashi biyu cikin uku na dutsen. Wanda na bari yana nan har yau, kuma ba zan taɓa shi ba, domin inda yake yana yin aikin da ba abin da zai yi kamarsa. Tsakuwa kayan gefe ce: gindin katanga, ƙarƙashin indararo, wurin alwala, zagayen shuke-shuke. Tsakiyar gida tana son wani abu dabam.

Abin da za a auna kafin a kira mai kamiyo

Kuɗi shi ne kowa ke fara tambaya, amma kuɗi iri biyu ne, na ranar aiki da na shekarun da za su biyo baya. Don lissafi ya zo da sauƙi, a duk bayanin nan zan ɗauki fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, murabba'in mita 50 ke nan. Kowa ya auna nasa ya ƙara ko ya rage. Kaya irin su tsakuwa da rairayi da kubik ake auna su, kubik ɗaya kuwa baro 16 zuwa 20 ne gwargwadon cikar baron.

Na biyu ruwan sama, kuma a wurina ya fi kuɗin muhimmanci. Abin da Maradi ke samu a shekara bai wuce kusan milimita 500 ba, amma cikin wata huɗu yake zuba, Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta, kuma ba a hankali yake zuwa ba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan dare guda mai milimita 40 a filinmu na mita 50 lita 2,000 ke nan, tano goma cur masu lita 200, ban da wanda rufin ɗakuna zai juyo. Dole ruwan nan ya sami inda zai tafi: ko ƙasa ta shanye, ko ya fita titi ya sami maƙwabci, ko ya kwanta ya zama gidan sauro daidai lokacin da zazzaɓi ke kwantar da yara. Garin da ambaliyar 1945 ta tayar daga kwarin gulbi ya dawo kan tudu bai kamata a koya masa girmama ruwa ba. Sa'ar da muka yi ita ce ƙasar tudun jigawa ce, tana shan ruwa kamar soso muddin ba a toshe mata baki ba.

Na uku zafi da tafin ƙafa. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Abin da aka shimfiɗa a ƙasa yana shan ranar nan yini guda, da dare ya amayo ta. A tambayi kai: da azahar yaro zai iya ratsawa ba takalmi? Da dare za a iya kwana a kai?

Na huɗu tsintsiya. Maza ba su cika tuna wannan ba saboda ba su ke shara ba. Gidan da ke da bishiyar bedi, wadda wasu ke ce wa dogon yaro, ya san yadda take zubar da ganye a ƙarshen hunturu, daga baya kuma ƴaƴa. Duk abin da tsintsiyar kaba ba za ta iya bi ta kansa safe da yamma ba, a yi tunani sau biyu.

Sai ƙarko, da haɗarin da kowane ke ɗauke da shi ga yara, tsofaffi da ginin kansa. Waɗannan zan faɗe su a wurarensu.

Tsakuwar ado

Iri biyu ce a hannunmu, kuma bambancinsu ya fi na launi. Akwai mulmulalliya wadda ruwa ya goge wa baki, ana haƙo ta ana tankaɗewa, fara da ruwan ƙasa da ja-ja a gauraye. Akwai kuma fasasshen dutse na inji ko na guduma, irin wanda magina ke zubawa a kankare, mai kusurwa da kaifi. Ƙanƙarar Turai, in an fasa ta, cikin kashi na biyu take. Ban ga dalilin da zai sa mutumin Maradi ya biya kuɗin jirgin ruwa da na mota a kawo masa dutse daga wata duniya ba, alhali ƴar'uwarta tana kwance a ƙasarmu, tauri ɗaya, kuma ruwa ya riga ya cire mata kaifi.

Zurfin santimita 5 ya isa. Kubik ɗaya yana rufe murabba'in mita 20, don haka filinmu zai ci kubik 2 da rabi, nauyin kusan tan 4. In aka wuce wannan zurfin da mulmulalliya, ƙafa za ta riƙa nutsewa, babur ya riƙa zamewa. Girman da na fi so shi ne na milimita 10 zuwa 20, kamar daga ƙwayar gyaɗa zuwa ƙwallon dabino. Wadda ta fi haka ƙanƙanta kyanwa na mayar da ita bayan gida, tana kuma bin takalmi har cikin falo ta karce karo, wato tayil ɗin daɓe.

Wajen kuɗi tana tsakiya. Ta fi burji da rairayi tsada, ba ta kai siminti da fabe ba, kuma mutum da ƙannensa biyu za su iya shimfiɗa ta a yini ɗaya ba sai da magini ba. Amma akwai abu biyu da in aka tsallake su an yi asara. Na farko iyaka: a jera bulo cikakke, rabinsa a binne, ya zagaye wurin, in ba haka ba cikin wata uku tsakuwar ta watsu gidan duka. Na biyu shimfiɗa ta ƙasa. A kan jigawa tsakuwa nutsewa take, damina biyu sai ka ga rairayi ya haɗiye rabinta. Ana daddaɓe burji siriri a ƙasa tukuna, ko a shimfiɗa yadin nan mai barin ruwa ya wuce wanda masu aikin hanya ke sawa. Ni buhunan taki na farke na jera, sun yi mini aiki shekaru, sai dai duk inda rana ta same su ruɓewa suke. Leda kam kada a sa, ruwa za ta tare.

Ga ruwan sama ba ta da na biyu. Ruwa yana ratsa ta nan take, ba ya kwanciya, ba ya fallatsa laka. A ƙarƙashin indararo, inda ruwa ke haƙa rami kowace shekara yana wanke gindin bango, zirin tsakuwa mai faɗin rabin mita zuwa mita ɗaya yana karya ƙarfinsa. Abin lura ɗaya: kafin a zuba, a karkata ƙasar da ke ƙasa ta gangara nesa da bangon, musamman in ginin ƙasa ne, don kada a tara wa tushe danshi. A wurin alwala ma haka. Tun da na haƙa ɗan rami mai zurfin kamu biyu na cika shi da tsakuwa a gefen zaure, ban sake ganin bakin wando ya ɓaci ba, ruwan kuma zogalen da ke kusa yake sha.

Inda take faɗuwa shi ne zama da shara. Tabarma a kanta ba ta kwanciya, ta kaba ma huda ta take. Tsoho mai sanda ba ya samun wurin dogara. Fara tana mayar da hasken rana cikin ido da cikin ɗaki, baƙa kuma da azahar ba ta takuwa. Ganyen bedi in ya shiga tsakaninta tsintsiya ba ta fitar da shi, sai manjagara ko tsinta da hannu. Ƙurar hunturu tana cike ramukanta daga sama, ganyen ya ruɓe a ciki, da ruwan fari sai ƙarangiya da tsidau su tsiro a kan shimfiɗar da aka sa don hana su. Kowace shekara ɗaya ko biyu sai an kwashe an tankaɗe da rariyar magina an mayar. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo in yana zuba a kanta wari take yi. Kashin rago da na kaji ba ya fita.

Haɗarinta na yara ne. Mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, ɗan shekara uku kuma yana iya cusa ƙwaya a hanci ko kunne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi kaɗai ya isa a hana zuba ta inda ƙananan yara ke wasa. Manyan duwatsun da ake jerawa don ado su ma kunama na son ƙarƙashinsu.

Wajen saye a je da kai. Ni an taɓa juye mini kamiyo da magariba, da safe na ga kusan kashi ɗaya cikin uku rairayi ne da ƙasa. Tun daga ranar nake cewa a juye da rana ina tsaye, in cika bokiti in zuba ruwa in ga abin da zai wanke. In an kawo maka farin dutse kana son sanin irinsa, karce shi da wuƙa. Wanda ya kartu ya yi gari dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Da sannu yake niƙewa ya yi ƙura, kuma ba na son sa a gindin lemo. Wanda wuƙa ta zame a kansa shi ne mai ƙarko.

Burji

Jar marmarar da ake zubawa a hanya. Ita ce mafi araha cikin masu tauri, kuma in aka jiƙa ta aka daddaɓe da kyau tana ɗaukar mota. A zurfin santimita 10 filinmu zai ci kamar kubik 6, domin tana raguwa in ta sha daɓe. Tana sharuwa, tabarma na zama a kanta. Laifinta jar ƙura da rani, da jan tabo a gindin bango da bakin farar riga da damina. Wadda yumɓu ya yi wa yawa santsi take yi in ta jiƙe, kuma da yake an daddaɓe ta, ruwa ya fi gudu a kanta da shiga. Ta fi dacewa da ƙofar gida, wurin ajiye mota, ko ta zama gadon da za a ɗora wani abu a kai.

Iyayenmu mata sun san wani abu kusa da wannan: daɓen tsakuwa da ake bugawa da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba har ya yi baƙi yana sheƙi. A cikin ɗaki da rumfa yana shekaru. A fili ruwan Agusta ba ya barin sa.

Daɓen siminti

Masu shara shi suke so, kuma suna da gaskiya. Tsintsiya ɗaya ta wuce an gama. Ana wanki a kai, ana shanya hatsi, ana wanke jinin layya da bokiti biyu.

Kaurin santimita 10 a filinmu kubik 5 ne na kankare, kowane kubik buhu 6 zuwa 7 na kilo 50, jimla buhu 30 zuwa 35, ban da tsakuwa, rairayi, ruwa da ladan magini. A tambayi kuɗin buhu a ranar, na Malbaza ne ko wanda ya shigo daga Najeriya ta Ɗan Isa, a ninka. Duk wanda ya ce zai yi maka da rabin wannan, ɓawo zai shafa maka, shekara biyu ya fara ɓarewa. Ko mai kyau ma yana tsagewa in ba a yanka masa layi kowace mita 3 ba, in kuma ba a yi ta ba shi ruwa sati guda bayan zubawa ba. Saiwar bedi tana ɗaga shi. Ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa sai guduma, facin kuma ba ya ɓoyuwa.

Babbar matsalata da shi biyu ce. Ko ɗigo ba ya sha, don haka lita 2,000 ɗin nan gaba ɗaya titi za su fita, in ma magini ya ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita ke nan. In bai ba shi ba, a ƙofar ɗaki za su kwana. Sannan zafi. A watan Mayu daɓen da ya sha rana yana nan da ɗuminsa har bayan lisha, sai an yayyafa masa ruwa kafin a shimfiɗa katifa. In an goge shi sumul kuma, ga santsi ga tsofaffi.

Fabe

Tubalan simintin da ake jerawa a kan rairayi ba tare da kwaɓi ba, irin na wasu titunan cikin gari. Mai tsawon santimita 20 da faɗin 10, guda 50 ke rufe murabba'in mita ɗaya, filinmu zai ci 2,500, a ƙara kaɗan don masu fashewa da na yanka. Kaurin santimita 6 ya ishi ƙafa da babur, inda mota za ta hau a nemi na 8.

Yawanci shi ne mafi tsada ranar aiki, amma yana da halin da siminti ba shi da shi: ana cire shi a mayar. Bututu ya fashe, a ɗaga goma a gyara a jera. Saiwa ta tura, a ɗaga a sare. Ruwa yana ɗan shiga ta tsakaninsa, ba kamar tsakuwa ba amma ya fi daɓe. Yana sharuwa, ana zama a kai. Zafinsa kusan na siminti ne.

Ƙarkonsa a hannun mai bugawa yake. Akwai masu tsuke siminti, su kuma shanya shi a rana bai sha ruwa ba. Ka ɗauki biyu ka gwara su: mai kyau ƙara yake yi tsaf, marar kyau ya yi dum, gefensa ya marmashe a yatsa. In gadon ƙasa bai daddaɓu ba yana lotsawa wuri-wuri, ruwa ya kwanta a lotsin. Aya-aya na fitowa ta tsakaninsa da damina, cinnaka kuma na fitar da rairayin da ke riƙe shi, sai a riƙa share sabon rairayi a cike.

Rairayin gulbi

Wannan ba ya cikin hotunan waya, shi ya sa matasa ke raina shi, ni kuwa na dawo gare shi. Farin rairayi mai laushi, amalanken jaki ya kawo, a tankaɗe a baza. Ba abin da ya kai shi araha, ba abin da ya kai shi daɗin tafin ƙafa. Da rana yana zafi, amma da rana ta faɗi yake hucewa, kafin lisha ya yi sanyi. Yaro ya faɗi ya tashi ba ƙwarzane. Yana shan ruwa. Mace mai iya shara tana barin zanen tsintsiya a kansa layi-layi, kuma ni dai ban ga adon tsakar gida da ya fi wannan da sassafe ba.

Ba ya daɗewa, wannan gaskiya ne. Shara na rage shi, iska na ɗiba, ruwa na ja. Kusan kowace shekara sai an ƙaro, galibi bayan damina ko gab da Sallah. Yana shiga ɗaki, yana shiga abinci ranar iska. Kyanwa da kaji na ɓata shi, don haka inda yara ke wasa sai ana kula ana sauyawa. Mota da babur ba sa son sa.

Gazon

Ciyawar ado ke nan da ake shimfiɗawa a fili. Zan taƙaita. Ko kiri-kiri ce mai jure fari, a watan Afrilu kowane murabba'in mita zai nemi lita 7 zuwa 10 kullum in ana son ta tsaya kore. Filinmu lita 350 zuwa 500 ke nan, bido 14 zuwa 20 na lita 25, yau da gobe. Tana sanyaya gida fiye da komai, amma mai sayen ruwan garuwa ko mai jiran famfo ya kawo da tsakar dare kada ya fara. Ga yanka, ga gara, ga sauro da ke fakewa a cikinta.

| | Kuɗin farko | Hidimar baya | Ƙarko | Shan ruwa | Shara da zama | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Mulmulalliyar tsakuwa | matsakaici | tankaɗe, cire ciyawa | dutsen ba ya lalacewa | sosai | da wuya | yara su haɗiya |
| Fasasshen dutse | matsakaici zuwa sama | haka nan | haka nan | sosai | ba ya yiwuwa ba takalmi | kaifi |
| Burji | kaɗan | ƙari da sabon daɓe | ƴan shekaru | kaɗan | da dama | ƙura, jan tabo |
| Siminti | da yawa | kaɗan, sai ya tsage | ya daɗe in an yi da kyau | ko kaɗan | shara sauƙi, dare zafi | kwanciyar ruwa, santsi |
| Fabe | mafi yawa | kaɗan | ya daɗe, yana gyaruwa | matsakaici | da kyau | jabun bugu, lotsawa |
| Rairayi | mafi ƙanƙanta | ƙari duk shekara | gajere | sosai | mafi daɗi | ƙazantar dabbobi |
| Gazon | matsakaici | mafi yawa | muddin akwai ruwa | sosai | daɗi, sai yanka | kuɗin ruwa, sauro |

Wa ya kamata ya ɗauki me

Gidan iyali mai yara da tsofaffi, wanda shi ne gidan yawancinmu, kada ya zaɓi abu ɗaya. A raba filin. Siminti a wurin wanki da wanke-wanke da gaban madafa, murabba'in mita 6 zuwa 10 sun isa, a ba shi gangare zuwa ramin tsakuwa mai murfi ko gindin bishiya. Zirin fabe daga zaure zuwa ƙofofin ɗakuna don damina da babur. Tsakiya, inda inuwa ke sauka da la'asar, rairayi. Tsakuwa a ƙarƙashin indararo da wurin alwala, in akwai mai rarrafe a zaɓi manya waɗanda ba za su shiga baki ba. Haka gidana yake yanzu, kuma nan tsakiyar Inna ke shimfiɗa tabarmarta.

Mai son lambun kallo a gaban falo, ko ofis, ko masaukin baƙi, ko asibiti mai zaman kansa, inda kowa da takalminsa kuma ba a girki, nan tsakuwar ado take da iko. A ɗauki mulmulalliya mai ruwan ƙasa, ta fi fara ɓoye ƙurar hunturu. A dasa abin da ke son zafi da ƙarancin ruwa, irin su kariya mai jan fure da tsiron zabuwa mai kaurin ganye, a kiyaye yara da ruwan kariya don guba ne. A nisanta ta da bedi. Mangwaro, gwaba da lemo kuwa a bar musu da'irar ƙasa a gindi a rufe da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ɗan nesa da kututture saboda gara. Dutse mai zafi ba ya yi wa saiwarsu daɗi.

Mai mota kullum, fabe na santimita 8 in da hali. In babu, burji a ƙasa, fasasshen dutse siriri a sama, domin kusurwoyinsa na cije juna ba ya gudu a ƙarƙashin taya kamar mulmulalliya.

Mai gidan haya da ke son abin da zai jure masu shiga da fita, fabe. Ɗan haya kuma kada ya binne kuɗinsa a daɓen wani: rairayi, ko tsakuwar da zai iya kwashewa a buhu ranar tashi.

Wanda gidansa ke cikin kwari, ko a layin da ruwa ke taruwa, ya guji rufe filinsa da siminti ko da kuɗin na nan. Ya ɗaga dokin ƙofofi, ya bar mafi yawan ƙasar a buɗe da rairayi da tsakuwa.

Wanda kuma gini ya cinye masa kuɗi, ya kwashe ɓaraguzai, ya zuba amalanke biyu ko uku na rairayi, ya sayi baro huɗu na tsakuwa don ƙarƙashin indararo, ya dasa bishiya a kusurwar yamma. Ya bari damina ɗaya ta wuce a kansa, ya fito ana cikin ruwa ya ga inda yake bi da inda yake kwanciya, ya kafa turaku a wuraren. Fabe ko siminti sai bayan kaka.